Shan Asfirin Kullum Don Kare Zuciya: Wa Yake Amfana, Wa Yake Cutuwa?

Ƙaramar ƙwayar asfirin mai nauyin miligiram 75 na daga cikin magunguna mafi araha da ake samu a kemis-kemis na Najeriya, kuma ba a tambayar mai saye takardar likita. Akwai mutanen da ke haɗiyarta kowace safiya, musamman waɗanda suka haura shekara 40 ko aka shaida musu suna da hawan jini, bisa imanin cewa tana "tsinka jini", tana kuma kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan imani bai rasa tushe ba, domin likitocin ƙasashen Yamma sun shafe shekaru suna bayar da shawarar yin hakan. Sai dai tun daga 2018 shawarar ta sauya.

Abin da manyan bincike suka tabbatar shi ne, amfanin asfirin ya danganta ne da wanda yake shan sa. Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya, maganin na ceton rai, kuma barin sa haɗari ne. Ga mai lafiya da bai taɓa samun ko ɗaya daga cikinsu ba, ɗan amfanin da yake samu kusan daidai yake da haɗarin zubar jini da maganin ke jawo masa. Abin takaicin shi ne, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi akasarin mutanen rukuni na farko ba sa shan sa.

Daga maganin zazzaɓi zuwa maganin zuciya

Tun zamanin da mutane ke amfani da ɓawon itacen wilo wajen sauke zazzaɓi da rage raɗaɗi. A 1897 wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin Bayer na Jamus, Felix Hoffmann, ya haɗa tataccen sinadarin da ke da dangantaka da na cikin wannan ɓawo, aka kuma fara sayar da shi da sunan asfirin a 1899. Fiye da shekara 50 bayan nan, maganin ciwon kai da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kawai aka ɗauke shi.

A wajajen 1950 wani likita a jihar Kalifoniya ta Amurka, Lawrence Craven, ya lura cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar maƙogwaro, suka tauna cingam mai asfirin da yawa don rage zogi, suna zubar da jini fiye da kima. Sai ya yi tunanin cewa abin da ke hana jini daskarewa a bakin rauni zai iya hana shi daskarewa a cikin jijiyoyin zuciya. Ya shawarci dubban maza su riƙa shan sa kullum, ya kuma wallafa abin da ya gani, amma da yake bai kwatanta su da wasu mutanen da ba su sha ba, masana ba su ba aikinsa muhimmanci ba a lokacin.

Sai a 1971 masanin magunguna ɗan Birtaniya, John Vane, ya gano yadda asfirin ke aiki a jiki, binciken da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin. Daga nan ne aka shiga gwada maganin a kan dubban mutane.

Abin da yake yi a cikin jini

A cikin jinin mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filetilet, waɗanda aikinsu shi ne toshe rauni. Da zarar jijiya ta yanke, sai su taru a wurin, su manne da juna, su zama guda, jini ya tsaya. Ba don su ba, da ƙaramin yanka ma ya isa ya halaka mutum.

Matsalar na tasowa ne idan kitse ya daɗe yana taruwa a jikin bangon jijiya, sakamakon hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan kitsen kolestarol ko tsufa. Wata rana tarin kitsen kan tsage, ƙwayoyin filetilet su ɗauka rauni ne, su taru a kai har gudan jini ya toshe hanyar. Idan jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. Idan kuwa mai kai jini ga ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewa.

Asfirin na kashe wani sinadari mai suna COX-1 a cikin waɗannan ƙwayoyi, wanda da shi suke samar da abin da ke kiran 'yan uwansu su zo su manne. Ƙwayar da maganin ya taɓa ba ta farfaɗowa har ƙarshen rayuwarta, wato kwana 7 zuwa 10. Wannan ne dalilin da ya sa kaɗan ya wadatar: miligiram 75 a Birtaniya da Najeriya, 81 a Amurka, 100 a wasu ƙasashen Turai, alhali ƙwayar ciwon kai ta yau da kullum miligiram 300 ce ko 325. Wani bincike mai suna ADAPTABLE da aka wallafa a 2021, wanda ya ƙunshi masu ciwon zuciya sama da 15,000 a Amurka, bai ga bambancin kariya tsakanin miligiram 81 da 325 ba.

Ya kamata a fahimci abubuwa uku a nan. Asfirin ba ya sauke hawan jini. Ba ya rage kitsen da ya riga ya taru a jijiya. Sannan shi wannan sinadari na COX-1 da yake kashewa, shi ne kuma ke taimakawa wajen kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Saboda haka hanyar da yake bi ya hana gudan jini, ita ce dai hanyar da yake bi ya jawo gyambon ciki da zubar jini. Ba a iya raba amfanin da illar.

Waɗanda ya tabbata yana ceto

Hujjar farko mai ƙarfi ta fito ne a 1988 daga binciken ISIS-2, wanda ya ƙunshi mutum 17,187 da aka kai asibiti da alamun bugun zuciya a ƙasashe da dama. Waɗanda aka ba asfirin na tsawon wata guda sun samu raguwar mace-mace da kashi 23 cikin 100 a cikin mako biyar, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba ƙwayar holoƙo, wato wadda babu magani a cikinta. Da aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini, raguwar ta kai kashi 42 cikin 100. Tun daga lokacin asfirin ya zama abu na farko da ake ba mai bugun zuciya a asibitocin duniya.

A 1997 wasu manyan bincike biyu, ɗaya a ƙasar Sin ɗaya kuma a ƙasashe da yawa, kowanne da mutum kusan 20,000, suka nuna cewa fara asfirin a cikin kwana biyun farko bayan shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewa na rage mutuwa da maimaituwar ciwon da kimanin mutum 9 a cikin kowane 1,000.

A 2009 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan mutum kusan 17,000 da suka taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ya wallafa a mujallar Lancet. A cikin waɗanda ba su sha asfirin ba, kashi 8.2 cikin 100 ne ke sake samun babbar matsala a kowace shekara. A cikin waɗanda suka sha, kashi 6.7 ne. Ma'ana, idan aka ba irin waɗannan mutane 10,000 maganin na shekara guda, za a kauce wa bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa a kan mutum kusan 150.

Waɗanda ke cikin wannan rukuni sun haɗa da wanda ya taɓa samun bugun zuciya, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ta toshewa ko da ta 'yan mintuna ce ta wuce, da wanda aka sa wa ɗan bututun raga a jijiyar zuciya ko aka yi masa tiyatar sauya hanyar jini, da mai ciwon ƙirji na ƙuntatar jijiyar zuciya, da kuma mai toshewar jijiyoyin ƙafa da ke sa shi ciwo in yana tafiya. Ga akasarin waɗannan, shawarar shan maganin na nan. Hasali ma wani bincike a Suwidin da ya bibiyi masu shan ƙaramin asfirin sama da 600,000, aka wallafa a 2017, ya gano cewa waɗanda suka daina sun fi waɗanda suka ci gaba fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 37 cikin 100, kuma haɗarin ya fi tsanani ga waɗanda dama suna da ciwon.

Masu lafiya fa?

Tunanin ba masu lafiya asfirin ya samu karɓuwa ne bayan wani bincike da aka yi a kan likitoci maza 22,071 a Amurka, wanda aka wallafa cikakken sakamakonsa a 1989. Waɗanda suka sha miligiram 325 duk bayan kwana ɗaya sun samu raguwar bugun zuciya na farko da kashi 44 cikin 100. Wannan adadi ya cika kanun jaridu. Abin da bai cika kanun ba shi ne, yawan mace-mace daga cututtukan zuciya bai ragu ba, sannan wani bincike makamancinsa a kan likitoci 5,139 a Birtaniya, wanda ya fito a 1988, bai ga wani amfani na a zo a gani ba. A 2005 kuma binciken da ya bibiyi mata 39,876 a Amurka na kusan shekara 10 ya nuna raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 17 cikin 100, amma bugun zuciya bai ragu a jimlace ba, zubar jini a ciki kuwa ya ƙaru.

Waɗancan masana na Oxford sun kuma tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi a kan masu lafiya kusan 95,000. A cikin kowane mutum 10,000 da ba su sha ba, 57 ne ke samun babbar matsala a shekara, a cikin waɗanda suka sha kuma 51. Wato an kare mutum 6. A ɗaya ɓangaren, mummunar zubar jini ta tashi daga mutum 7 zuwa 10. Idan aka ajiye mutum 6 a gefen mutum 150 na rukunin marasa lafiya, za a ga inda bambancin yake: ƙwaya ɗaya ce, illarta na nan ga kowa, amma amfaninta na ƙaruwa ne gwargwadon girman haɗarin da mutum ke ciki tun farko.

A 2018 aka wallafa manyan bincike uku da suka sauya alƙiblar maganar, dukkansu da miligiram 100 a kullum. Na farko, ARRIVE, ya ƙunshi mutum 12,546 da ake ganin suna da matsakaicin haɗari. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba, zubar jini a ciki kuwa ya ninka.

Na biyu, ASCEND, an yi shi ne a Birtaniya a kan masu ciwon suga 15,480 na tsawon shekara bakwai da 'yan watanni. Manyan matsalolin jijiyoyin jini sun sauka daga kashi 9.6 zuwa 8.5 cikin 100, mummunar zubar jini kuma ta hau daga kashi 3.2 zuwa 4.1. Wato a cikin kowane mutum 1,000, an kare 11 daga wata cuta, an jefa 9 cikin wata. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa ana gudun gara an faɗa gidan zago.

Na uku, ASPREE, ya bibiyi tsofaffi masu lafiya 19,114 a Ostireliya da Amurka, akasarinsu 'yan shekara 70 zuwa sama, na kusan shekara biyar. Asfirin bai ƙara musu shekarun rayuwa cikin ƙoshin lafiya ba, bai kuma rage cututtukan zuciya ba ta yadda za a iya dogara da shi. Mummunar zubar jini ta ƙaru da kashi 38 cikin 100, kuma waɗanda suka rasu a cikin masu shan maganin sun kai kashi 5.9 cikin 100, a kan kashi 5.2 na masu shan holoƙo.

Masana na danganta raguwar amfanin da sauyin zamani. A lokacin binciken likitocin Amurka, magungunan rage kolestarol da ake kira statin ba su yaɗu ba, ba a kula da hawan jini kamar yanzu, masu shan taba kuma sun fi yawa. Da aka toshe waɗannan ƙofofi, sai abin da ya rage wa asfirin ya kare ya zama kaɗan, alhali illarsa ga ciki da ƙwaƙwalwa ba ta ragu ba.

Abin da ƙa'idoji ke cewa yanzu

Tun a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da buƙatar kamfanin Bayer ta a ba shi damar tallata asfirin a matsayin rigakafin bugun zuciya ga waɗanda ba su taɓa samun ciwon ba. A 2019 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya biyu na Amurka suka ce kada a riƙa ba waɗanda suka haura shekara 70 asfirin don rigakafi, haka ma duk mai haɗarin zubar jini ko shekarunsa nawa. Suka ce ana iya duba yiwuwar ba wasu zaɓaɓɓu 'yan shekara 40 zuwa 70 da ke cikin babban haɗari.

A watan Afrilun 2022 kwamitin ƙwararru mai ba Amurka shawara kan rigakafi ya ƙara tsaurarawa. Ya ce kada wanda ya kai shekara 60 ya fara shan asfirin don rigakafin farko. Ga 'yan shekara 40 zuwa 59 da lissafin likita ya nuna suna da haɗarin kashi 10 cikin 100 ko fiye na samun ciwon a cikin shekara 10, ya ce amfanin kaɗan ne, kuma shawara ce da mutum zai yanke tare da likitansa.

Sai dai al'ada ta fi ƙa'ida saurin yaɗuwa da wuyar gushewa. Ƙididdigar lafiya ta 2017 a Amurka ta nuna cewa mutum kusan miliyan 29 'yan shekara 40 zuwa sama, waɗanda ba su da ciwon zuciya, na shan asfirin kullum, kuma miliyan 6.6 daga cikinsu ba likita ne ya ba su shawara ba.

Dalilin da ya sa batun ya fi tsauri a Najeriya da Ghana

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai ta toshewar jijiya, akwai kuma ta fashewar jijiya, inda jini ke malala a cikin ƙwaƙwalwa. Asfirin na taimakawa a ta farko, yana kuma iya ƙara munin ta biyu. Alamunsu a ido iri ɗaya ne, kuma hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ko MRI ne kaɗai ke tantance su da tabbaci.

A ƙasashe masu arziki irin ta fashewa ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. A yammacin Afirka abin ya sha bamban. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, an yi shi a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya da Kumasi da Akra. Rahotonsa na 2018 ya duba marasa lafiya 2,118, ya gano cewa kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 kuma fashewa. Wato kusan mutum ɗaya a cikin uku. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini ne babban sanadi, yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ciwon ya kama.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Mutumin da jininsa ke sama, bai sauke shi ba, ya kama shan asfirin kullum yana ganin ya yi rigakafi, ya bar ainihin abin da zai kayar da shi, ya kuma ƙara wa kansa haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likitoci ke fara daidaita hawan jini kafin su yi maganar asfirin. Abin da ke kare irin wannan mutum shi ne auna jini akai-akai, shan maganin hawan jini ba fashi, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano zuwa ƙasa da giram 5 na gishiri a yini kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, barin taba, motsa jiki, kula da suga, da shan statin idan likita ya rubuta.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Haɗarin zubar jini ya fi yawa ga tsofaffi, da wanda ya taɓa samun gyambon ciki ko aman jini, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan giya, da mai ƙarancin ƙwayoyin filetilet. Ƙwayar cutar nan ta H. pylori mai haddasa olsa, wadda ta yawaita a Afirka, ita ma tana ƙara haɗarin. Wasu masu asma kuma asfirin na tayar musu da ciwon.

Haɗa shi da wasu magunguna na ƙara matsalar. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ake yawan saye bayan aikin ƙarfi, suna cin bangon ciki kamar yadda asfirin ke yi, ibuprofen kuma na iya tare masa hanya ya hana shi aiki a kan ƙwayoyin jini. Garin Alabukun da aka sani a ko'ina cikin Najeriya na ɗauke da asfirin miligiram 760 a kowane ƙunshi, wato kwatankwacin ƙananan ƙwayoyi goma. Haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙulla wa mutum a leda ba tare da suna ba ya fi haɗari, domin mai sha bai san abin da ke ciki ba. Mai shan warfarin ko wani maganin hana daskarewar jini kada ya ƙara asfirin sai da umarnin likita.

Ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 16 asfirin sai da umarnin likita, saboda wata cuta mai suna Reye da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Haka kuma ba a shan sa idan ana zargin zazzaɓin da ke sa zubar jini, irin su Lassa da dengi. Mace mai ciki kada ta sha da kanta, ko da yake likitoci kan rubuta ƙaramin asfirin ga masu haɗarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan.

Ƙwayar da aka lulluɓe da rufi don kada ta narke a cikin tumbi ba ta kawar da haɗarin zubar jini, domin illar na biyowa ta cikin jini ne. Ga wanda dole ne ya sha kuma cikinsa na da rauni, likita kan haɗa masa da maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole. Ana shan sa bayan cin abinci, kuma da yake sau ɗaya ne a yini, mai azumi na iya mayar da shi bayan buɗa-baki ko sahur bisa shawarar likitansa. Duk mai shan sa ya sanar da likita kafin tiyata ko cire haƙori, kada ya dakatar da kansa. Idan ya ga bahaya baƙi kamar kwalta, ko amai mai jini ko mai kama da garin gahawa, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko matsanancin ciwon kai farat ɗaya, to ya garzaya asibiti.

A lokacin gaggawa

Idan babban mutum ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, yana sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi da ƙarancin numfashi, ana zargin bugun zuciya. Ƙa'idar agajin farko ita ce ya tauna asfirin miligiram 300, in dai jikinsa ba ya ƙin maganin kuma ba ya zubar jini, a kuma wuce da shi asibiti nan take.

Idan kuwa baki ne ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi asfirin, kada ma a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wani jiƙo, domin haɗiya kan lalace abin ya wuce huhu. A lura da lokacin da abin ya fara, a kai shi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Sai hoto ya nuna babu zubar jini sannan likita zai fara asfirin.

Giɓin da ya rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan mace-macen duniya, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na waɗannan sun faru ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Asfirin na cikin jerin muhimman magunguna na hukumar tun jerin farko na 1977. A 2013 ƙasashen duniya suka ɗauki alƙawarin cewa aƙalla rabin waɗanda suka cancanta za su samu magani da shawarwarin kariya daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kafin 2025.

Wani bincike da mujallar JAMA ta wallafa a 2023, wanda ya duba ƙasashe 51, ya nuna nisan da ke tsakanin alƙawari da cikawa. A cikin waɗanda suka taɓa samun ciwon, kashi 65 cikin 100 ne ke shan asfirin a ƙasashe masu arziki. A ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi na ƙasa-ƙasa kashi 24.5 ne, a matalautan ƙasashe kuma kashi 16.6. Tsadar ƙwayar ba ta isa ta bayyana wannan giɓi ba. Kafin a kai ga ƙwayar, sai an samu ma'aikacin lafiya da zai gane ciwon, da na'urar da za ta tantance irinsa a kuɗin da talaka zai iya biya, da asibitin da zai ci gaba da bibiyar mara lafiya bayan an sallame shi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gwada ita ce haɗa asfirin da statin da maganin hawan jini a ƙwaya guda. Binciken SECURE na 2022, a kan tsofaffi 2,499 da suka samu bugun zuciya a Turai, ya nuna raguwar manyan matsaloli da kashi 24 cikin 100 idan aka kwatanta da shan magungunan daban-daban, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ƙwaya cikin jerin muhimman magungunanta.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Waɗannan dokoki sun ba ɗan ƙasa hurumin tambayar gwamnansa da ɗan majalisarsa ko asibitin mazaɓarsa na da na'urar auna jini mai aiki, ko maganin hawan jini na samuwa a cikinsa duk wata, da kuma asibitoci nawa ne a jihar ke da na'urar CT da ke aiki a yau.

A matakin gida kuwa, tambayar da za a yi wa uba ko uwa ko kawu da aka ga yana shan asfirin kullum ita ce ko ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma wa ya rubuta masa. In ya taɓa samu kuma likita ne ya rubuta, a tabbatar maganin bai yanke masa ba. In kuwa bai taɓa ba, kuma shawarar aboki ce ko ta mai kemis, a raka shi asibiti a auna jininsa da sugansa, a bar likita ya yanke ko zai ci gaba ko zai daina.